Wace wuƙa ta dace da shiga daji?

Tambaya: Salam Malam, daga Garwa nake, ina bin shanu bakin Binuwai kuma wuƙata mai naɗewa ta karye, wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Rabu da mai naɗewa, wajen mahaɗar nan take karyewa. Nemi wadda ƙarfenta ya zarce har ƙarshen ƙota, tsawon bakin santimita 10 zuwa 12 ya isa fiƙe itace da fiɗa, mai tsawo kam nauyi ne kawai tunda sara aikin adda ne. Ta maƙera da sifirin mota tana kaifi kuma wasawa ba wuya, amma fa da damina sai tsatsa, riƙa goge ta ka shafa mai. Kube ya kama ta gam.