Takardar cikin kwali ba ta san nauyin yarinyar ba

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce wata mata ta kawo kantin maganinmu takardar likita daga asibitin Shika, an rubuta wa 'yarta mai shekara 10 maikofenolet, miligiram 500 safe da yamma, saboda lufus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita, ya taɓa mata ƙoda. Ka buɗe takardar da ke cikin kwalin ka tarar kamfanin ya ce maganin na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko makamancinta ne, lufus ko sunansa babu. Sai ka sallami matar ka ce ta dawo gobe, kana tambayata ko likitan ne ya yi kuskure, ko kuwa ka raba na babba gida biyu ka ba yarinyar.

Tambayar farko ta wanda yake son ya koyi aiki ce. Ta biyun kuwa kada in sake jin ta daga bakinka. Shekara biyar a jami'a, ka fito kana maganar raba na babba biyu kamar mai tallar magani a tashar Kawo?

Likitan bai yi kuskure ba. Abin da ke cikin waccan takarda shi ne abin da kamfani ya gwada, ya kashe kuɗinsa ya yi wa rajista. Yaran da garkuwar jikinsu ke juyowa ta afka musu, masu lufus, masu amosanin gaɓoɓi na ƙuruciya, ba su da yawan da zai sa kamfani ya ga riba a yi musu gwaji na musamman. Sai da Amurka ta kafa dokoki a 2002 da 2003, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2007, kafin aka matsa wa kamfanoni su riƙa gwada magani saboda yara. Da yawa daga cikin magungunan da muke riƙe waɗannan yara da su sun girme wa dokokin. Likitocin yara ne suka yi ta aiki da su, suka tara sani, aka rubuta awonsu. Littafin BNF na yara, mai ɗauke da awon magunguna, yana fitowa tun 2005, ga shi nan a kanta ta biyu bayan kujerarka. Ku yaran yanzu kun fi yarda da abin da waya ta ce muku, littafi kuwa sai ƙura ta rufe shi.

Kuma ka kiyayi bakinka gaban uwar nan. Kada ka kuskura ka ce mata "ba a amince a ba yara wannan ba". Mutanenmu ba su manta da Kano ba, 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu. Ka faɗi wannan kalma, yau ɗin nan za ta zuba ƙwayoyin a masai ta koma wa jiƙe-jiƙe, bayan wata shida a kawo yarinyar ana neman kuɗin wankin ƙoda. Wancan sabon magani ne ake gwadawa. Wannan an daɗe da saninsa, an san awonsa, an san illarsa, kuma likitan da ya sa hannu ya ɗauki nauyin abin da ya rubuta. Namu aikin mu tabbatar awon ya dace da yarinyar.

Ba ka faɗa mini nauyinta ba, ba ka faɗa mini tsawonta ba, don ba ka auna ba. Ga sikeli a bakin ƙofa, ga tef a bango. A ce tsawonta santimita 135, nauyinta kilo 30. Ka ninka su, 4050. Ka raba da 3600, ka ɗauki tushensa, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, ka sami 1.06. Faɗin jikinta ke nan a murabba'in mita. Maikofenolet a yara bai saba wuce miligiram 600 kan kowane murabba'i ba a sha ɗaya, sau biyu a rana. Ya kama 636. Likita ya rubuta 500, yana cikin iyaka, kuma da yawansu da ƙasa suke farawa saboda gudawar da yake sawa. Lissafin minti biyu, ka mai da shi wahalar mota ga matar daga gida zuwa nan sau biyu. Sauran, yadda ake karanta takarda da duba ranar lalacewa, ba zan ɓata bakina a kai ba.

Abin da ya sa na zauna na ba ka amsa da tsawo, rashin wannan lissafi na minti biyu ya taɓa ja mini asarar da har yau in na tuna abinci ba ya mini daɗi.

A watan Maris na 2020 Donald Trump ya fito ya yabi kulorokwin da ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin, wai suna maganin korona. Ba a yi kwana nawa ba aka fara kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya yi musu yawa. Indiya, inda yawancin kayanmu ke fitowa, ta hana fitar da shi. A ƙarshen watan aka rufe Kaduna ba shiga ba fita, gwamna El-Rufa'i kansa ya kamu. Ni na hango abin tun da wuri, domin ba jiya na fara sana'ar nan ba. Ina da yara masu lufus da suke karɓar haidiroksi a wurina duk wata, sai na zuba kuɗina na sayo abin da zai kai su ƙarshen shekara. Na ɗaure kwalayen kowane yaro da roba, na rubuta sunansa da jan biro, na rubuta "ajiya" a sama, na tura su ƙasan kanta bayan katan ɗin ruwan ƙari. 'Ya'yana suka hana ni fita saboda shekaru da ciwon suga. Na bar kantin a hannun wani yaro da ke koyon aiki kamar kai, na nuna masa ajiyar da yatsana.

Sai ga wani Alhaji. Tsohon mai sayayya ne a wurina, masallaci ɗaya muke sallar Juma'a, na sha ba iyalinsa magani bashi cikin dare. Ya miƙa takarda: ɗansa mai shekara 7, haidiroksi miligiram 200 sau biyu a rana, na wata shida. Babu nauyin yaro, babu lambar kati, hatimin ya dame ba a karanta sunan asibiti. Ya ce Oga ya san da maganar. Yaron nan ya ga babbar riga da makullin mota, ya durƙusa, ya kwance robobin da na ɗaure da hannuna, ya juye masa duka a leda. Ya rubuta a littafin bashi, ko sa hannu bai karɓa ba.

Duba lambar nan da kyau. Haidiroksi ba a so ya wuce miligiram 5 kan kowane kilo a rana. Ɗan shekara 7 kilo nawa ne? Ashirin da 'yan kai. Abin da zai sha bai fi 100 zuwa 125 ba. An rubuta 400, ya haura ninki uku. Ita kanta ƙwaya mai 200, takardar kamfanin a Ingila ta ce ba ta dace da yaron da bai kai kilo 31 ba. Babu likitan yaran da zai rubuta haka. Da takardar gaskiya ce, da idon yaron aka nufa, domin can bayan ido maganin yake taruwa ya ɓata gani, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Da ya ɗauki biro ya ninka 5 da 22, da ya gane takardar ƙarya ce tun Alhaji bai rufe baki ba. Ko kuwa ya ce a kawo yaron a ɗora shi a sikeli. Ko ya buga mini waya, wayar da ba ta barin hannunsa ko a wajen cin abinci.

Alhaji ba shi da ɗa mai lufus. Ƙulla ƙwayoyin ya yi goma-goma yana kai wa masu kuɗin Unguwar Rimi har gida, wai rigakafin korona, a farashin da ya ga dama. A watan Yuni babban binciken da aka yi a Ingila ya nuna maganin ba ya hana masu korona mutuwa, amma lokacin ya riga ya cika aljihunsa. Da na aika neman kuɗina, ya ce kasuwa a rufe take, in yi haƙuri. Na yi. Da aka buɗe gari ya ce ai ya biya yaron shagona hannu da hannu. Na kai magana gaban limamin unguwa, ya dafa ƙirji ya maimaita, ga littafi babu sa hannunsa, yaron kuma ya tsorata ya gudu garinsu. Kuɗin da ya isa in biya hayar kantin nan ne ya tafi a ledar nan. Har yau yana miƙo mini hannu bayan sallah, ina karɓa don Allah ya ce a amsa sallama, amma ban yafe ba.

Kuɗin ma da sauƙi. Cikin kwalayen akwai na wata yarinya 'yar Rigasa, shekararta 13, ubanta mai gyaran babur ne. Ranar da aka sassauta a fita sayen abinci ya tako da ƙafa har nan, ya tarar babu. Bai ɗaga murya ba, ya ce Allah ya kawo da rabonta, ya juya. Na kira Sabon Garin Kano, na kira kasuwar Idumota ta Legas. Inda aka samu, farashin ya tashi ba kan gado, wasu kwalayen kuma da ganin rubutunsu ka san jabu ne, ba zan sa wa 'yar mutane a baki ba. Maganin yana daɗewa a jiki, shi ya sa makonnin farko uban ya riƙa ce mini ai lafiyarta lau. Sai ga zafin ranar nan na azumi, lufus kuwa ba ya shiri da rana. Jan tabo ya fito mata a kumatu ya haye karan hanci, gashi ya soma zuba a matsefi, ƙafa ta kumbura har silifa ba ya shiga, fitsari yana kumfa. Dole likitanta ya ƙara mata firednisolon, maganin kwantar da kumburi, da yawa. Ya kwantar da ciwon, amma fuskarta ta cika ta yi zagaye. Da aka buɗe makarantu 'yan ajinsu na Islamiyya suka ce sha-ka-fashe take sha don ta yi ƙiba. Yarinyar da ta kusa sauka ta ce ba za ta koma ba. Ni na ɗauki nauyin maganinta har ƙarshen shekarar, ban karɓi ko kwabo ba, amma wa zai mayar mata da watannin nan?

Tun daga ranar, maganin irin waɗannan yara ba ya fita daga kantina sai na ga yaron da idona ya hau sikeli. Kuma kowane zuwa a sake aunawa, don yaro girma yake yi, awon bara ba na bana ba ne. In lissafinka da na takarda suka saɓa, ba kai za ka gyara ba, ba kuma za ka yi shiru ka bayar ba. Ka kira likitan da ya rubuta. Na ga kuna jin nauyin kiran likita, amma ba ku jin nauyin miƙa abin da ba ku gane ba. Mai shan haidiroksi kuma ka tambayi uwar ko an duba idonsa. Ga Asibitin Ido na Ƙasa nan a hanyar Mando, mutane daga wasu jihohi suke zuwa, mu yana bayan gidanmu. Ka ce ta ɓoye kwalin inda ƙanne ba sa kaiwa, don ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe ɗan yaye.

Wanda ya fi ba ni tsoro a hannunku shi ne metotireksat, na masu amosanin gaɓoɓi. Sau ɗaya ake sha a mako. A mako, ba a rana ba. Uwa ta saba duk maganin asibiti kullum ne, in ba ka tsaya ka fahimtar da ita ba, za ta ba shi kowace safiya da kyakkyawar niyya, kafin mako biyu baki ya yi gyambo, ɓargo ya daina yin jini, kuma an sha rasa rai ta haka. Ka zaɓar mata rana ɗaya, ka rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, in boko bai zauna mata ba ka rubuta da ajami, sannan ta maimaita maka da bakinta. Folik asid ɗin da aka haɗa mata da shi wata rana dabam ake sha. Mai miligiram 2.5 kaɗai nake ajiyewa, ban yarda mai 10 ya shigo kantina ba, don kada wata rana a musanya. Ka ja mata kunne kan Septrin: yaro ya yi tari ta aika kemis ɗin unguwa a sayo, su biyun in suka haɗu a jiki ɓargo suke dannewa tare. Ka tambayi takardar gwajin jini da na hanta, in ta wuce lokacin da likita ya sa, ta koma asibiti tukuna.

In budurwa ce kuma, ka nemi uwar a gefe cikin ladabi ka ji ko akwai maganar aure. Metotireksat da maikofenolet duka suna ɓata ciki, suna nakasa jariri, likita ne zai sauya magani tun kafin a sa rana. Ita ma uwar in tana da juna biyu kada ta fasa ƙwayar ko ta buɗe kafso da hannunta. Na san za ka ce kunya kake ji. Ka kira 'yar'uwarka da ke kan kanta ta yi mata maganar, kai ka tsaya kusa ka tabbatar an faɗa daidai.

Makullin durowar ajiya yana wurina. Zai zauna a wurina har sai na ga ka yi lissafin nan a gabana, da biro da takarda, ba da waya ba.