Kaifi: Daga Bakin Wuƙa Zuwa Bakin Uwa

Tambayoyi biyar ne suka taru a kan kalma ɗaya, kaifi, don haka za a amsa su a zama guda.

Wani malamin firamare daga Zariya ya ce: "Malam, ɗalibaina suna rubuta 'allura mai kaifi', ina gyara musu zuwa 'mai tsini', amma na kasa yi musu bayanin dalili."

Gyaranka daidai ne, Malam. Kaifi yana kwance a tsawon baki, aikinsa yanka. Tsini yana tsaye a kan ɗigo ɗaya, aikinsa suka ko huji. Wuƙa da aska da reza da lauje da adda da almakashi, kaifi gare su. Allura da ƙaya da basilla da ƙusa da tsinke, tsini gare su. Mashi ya haɗa biyun, haka ma wuƙar mahauci: da tsininta yake huda fata, da kaifinta yake feɗewa. Hanya mafi sauƙi ga yara ita ce ka tambaye su wane irin rauni abin yake yi. In ya bar tsaga mai tsawo, kaifi ne. In ya bar rami, tsini ne. Fasasshiyar kwalba da gefen kwanon rufi da ganyen rake duk suna da kaifi ko da ba maƙeri ya yi su ba, domin duk suna yanka.

Saboda kowanne da aikinsa ne 'yan tauri da masu ba da maganin ƙarfe suke ambatonsu tare, su ce maganin kaifi da tsini. A bakinsu kalmomin sun tashi daga siffa sun koma sunan makaman kansu.

Tun da darasi za ka yi, ka haɗa musu da danginta. Kaifi tana cikin wani rukuni na sunaye masu gaɓa biyu da suke ƙarewa da wasalin i, waɗanda suke faɗin yadda jiki yake jin abu: zafi, sanyi, nauyi, tauri, faɗi, zurfi, ƙarfi, kauri, ɗaci, zaƙi. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya yi nazari a kansu a 1955. Kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi. Daga kaifi ake samun kakkaifa (kakkaifar wuƙa, kakkaifan takobi), kamar yadda zafi yake ba da zazzafa, ƙarfi ya ba da ƙaƙƙarfa. Jam'i kuwa kaifafa ne, kamar zafafa da ƙarfafa. Inda ɗalibai suke tuntuɓe shi ne akwai kuma aikatau da ake rubutawa daidai da jam'in. "Kaifafan wuƙaƙe" siffa ce, ana jan wasalin tsakiya. "Ya kaifafa wuƙa" aikatau ne, wasalin tsakiya gajere. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka jimla ce take raba gardama. In kuma akwai ɗan Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi a ajin ya ce kaihi, kada ka ce ya yi kuskure a magana. Karin harshensa ne, kamar zahi da ƙarhi da kihi. A rubutu ne kawai za ka mayar da shi kan daidaitacciyar Hausa.

Wata mai sauraron rediyo daga Damagaram ta ce: "Da wasa da koɗa da fiƙe da kaifafa, ba duk abu ɗaya ba ne?"

Manufa ɗaya, aiki daban-daban. Kaifafa ita ce ta gama-gari, ba ta faɗin yadda aka yi, kuma an fi jin ta a rubutu da lacca fiye da bakin mahauta. Sauran ukun kowacce da kayan aikinta.

Wasa ita ce goga bakin ƙarfe a kan dutse, sunan aikin kuma washi. Ba ita ce wasa ta yara ba: ta yara muryar tana farawa ƙasa ta hau, ta wuƙa tana farawa sama ta sauka. Mai washi yakan jiƙa dutsen da ruwa, ya kwantar da bakin wuƙar, ya ɗaga bayanta kamar kaurin yatsa ɗaya in wuƙar girki ce, ya riƙa gogawa daga gindi zuwa tsini ba tare da ya canza wannan karkatar ba. Abin da ya yi wa gefe ɗaya shi zai yi wa ɗayan, in goma goma, in ashirin ashirin. Alamar an kai ga baki ita ce wani siririn gashin ƙarfe da yake lanƙwasowa ta ɗaya gefen, ana jin sa in an shafa da babban yatsa daga baya zuwa baki. Shi ake gogewa a ƙarshe da sassauƙan hannu, shi ne kuma dalilin da wanzami yake kammala washin askarsa a kan fata. Abubuwa uku suke ɓata aikin. In an miƙar da wuƙar da yawa, dutsen yana cinye bakin ne, sai a tashi da wuƙar da ta fi da dakushewa. In an kwantar da ita ƙwarai, bakin yana yin siriri har ya lanƙwashe ko ya ɓantare da ya haɗu da ƙashi. In kuma a injin washi aka kai ta aka bar ta ta yi zafi har bakin ya yi shuɗi, to ƙarfen ya yi laushi, za ta yi ci yau, gobe ta mutu. Don haka masu inji da suka san aikinsu suke ajiye gwangwanin ruwa a gefe suna tsomawa. Kalmar wasa ɗin nan ce malamai suke fassara hadisi na 17 na Arba'una da ita, inda aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa.

Koɗa kuwa da duka ake yi. Fartanya ko garma ko gatari in bakinsu ya yi kauri da aiki, washi ba ya isa, sai a kai maƙera a sa a wuta a buga bakin ya koma siriri. Dutsen niƙa ma ana koɗa shi, amma shi saboda ya yi santsi ne ya daina cin hatsi, sai a bubbuge fuskarsa da makoɗi ta yi kaushi. Fiƙe ta tsini ce zalla: fensir, tsinken tsire, turke. Ba a fiƙe wuƙa, ba a kuma wasa fensir.

Abin lura shi ne wasa da koɗa duka biyu sun koma kalmomin yabo. Maroƙi yana wasa basarake da kirari, mai cika baki yana koɗa kansa. Bahaushe ya ɗauki mutum kamar ƙarfe, yabo yana fito masa da ci. Daga nan ne kuma wasa ƙwaƙwalwa ta fito. Mai cewa "wasan ƙwaƙwalwa" yana nufin kacici-kacici bai yi laifi ba, amma ya koma wasa ta yara, ya bar ta dutse.

Wani ɗalibin jami'a daga Kano ya ce: "Kaifin basira, kaifin hankali, kaifin ƙwaƙwalwa, wanne ya fi daidai? Kuma in an ce mutum kaifi ɗaya ne, yabo ne ko zagi?"

Duka ukun Hausa ne, sai dai ba wuri ɗaya suke yanka ba. Kaifin ƙwaƙwalwa saurin ɗauka ne da riƙewa, irin na yaron da ake biya masa allo sau biyu ya haddace. Kaifin basira ya fi wannan zurfi, shi ne hango abin da ba a faɗa ba, kamar alƙalin da ya gano mai gaskiya daga yadda masu ƙara suka jera maganarsu. Basira daga Larabci take, tushenta gani, don haka kaifin basira ɗan'uwan kaifin ido ne da ya koma ciki. Kaifin hankali yana tsakaninsu, ya fi karkata ga saurin gane halin da ake ciki da abin da ya dace a yi. Ana iya samun mai kaifin ƙwaƙwalwa da ba shi da basira ko kaɗan, kuma Hausa ta san da haka, shi ya sa ta ce hankali ke gani, ido gululu ne. Kada kuma a haɗa ɗaya daga cikinsu da wayo. Wayo yana iya zama yabo ga yaro, amma ga babba sau da yawa da zargi a cikinsa.

Wannan gini na haɗa sunan ji da gaɓar jiki ya cika Hausa: taurin kai, zafin nama, sanyin jiki, nauyin baki, zurfin ciki, ƙarfin hali, ƙaurin suna. Ma'anarsu ba ta fitowa ta hanyar lissafi, sai an koye su ɗaya-ɗaya. Kaifin baki misali ne mai kyau, domin fuska biyu gare shi. In an faɗe shi a kan kishiya ko abokin gardama, ana nufin maganarsa tana yi wa mutum rauni, kuma wannan kaifin yakan juyo kan mai shi, tun da baki shi ke yanka wuya. In kuwa aka ce bakin uwa kaifi gare shi, ba ana cewa tana da faɗa ba ne. Ana nufin abin da ta furta a kan ɗanta, albarka ko akasinta, yana kama shi ba da jinkiri ba. Haka ake cewa addu'ar wanda aka zalunta tana da kaifi. A nan kaifi ya zama ci, wato aiki nan take, kamar yadda ake cewa wuƙa tana ci ko ba ta ci.

Kaifi ɗaya yabo ne, ko da yake wani lokaci da ɗan ƙorafi a ƙarƙashinsa. Wuƙar gida gefe ɗaya take yanka, ka san inda za ka riƙe da inda za ka kiyaya. Mutum kaifi ɗaya in ya ce e to e ce, in ya ce a'a ba a komawa a lallashe shi. Kishiyarsa a Hausar gida shi ne mai baki biyu, ko mai fuska biyu. "Takobi mai kaifi biyu" da ake gani a jaridu yanzu wani abu ne daban, ana nufin matakin da zai iya cutar da wanda ya ɗauke shi, kuma ba a siffanta halin mutum da shi.

Wani mai aikin fassara daga Kaduna ya ce: "Ina fassara tallar waya. Zan iya cewa kyamararta tana ɗaukar hoto mai kaifi?"

Kada ka rubuta haka. Turanci yana da kalma guda, wato "sharp", da take ɗaukar wuƙa da hoto da ɗanɗano da ciwo da kwanar hanya da lokaci, kuma ƙamus zai ba ka kaifi a matsayin fassararta ta farko. Kaifi ba ta da wannan faɗin. A Hausa kaifi yana wurin mai yanka, ba wurin abin da aka yanka ba. Ido yana da kaifi domin shi yake ratsa nisa da duhu, har a ce maharbi ko makiyayi kaifin ido gare shi. Abin da idon ya gani kuwa ba ya yanka komai. Mai karatu in ya ga "hoto mai kaifi", abin da zai fara zuwa masa shi ne gefen takardar zai yanke shi.

Don fitowar abu sarai, Hausa ta fi dogara da kalmomin nan masu zana yanayi, kuma kowacce da inda ta fi zama. Hoto ko rubutu yana fitowa raɗau, ko tas. Mai lafiyar ido yana gani tangaran, ko garau. Ruwa da ya kwanta ya tace yana yin garai-garai. Gari in hadari ko hazo ya washe yana yin wasai, haka ma zuciya bayan damuwa. Magana in ba a ɓoye komai a cikinta ba an faɗe ta ƙarara, ko ɓaro-ɓaro in da rashin kunya a ciki. In an bi ta gaɓa-gaɓa an yi bayani dalla-dalla, ko filla-filla. A tallarka ka ce hotonta yana fitowa raɗau, ko tana ɗaukar hoto tangaran. Kishiyar wannan ita ce dishi-dishi, ko hoton ya dusashe. Ka lura da wannan ma: wuƙa dakushewa take yi, hoto da launi da murya da tauraro dusashewa suke yi. Harshen ya raba su har a wajen lalacewa.

Sauran wuraren da kalmar Turancin take shiga, ga abin da Bahaushe yake cewa. Lemun tsami yana da tsami, barkono yana da yaji, goro yana da ɗaci ko bauri. Ciwon da yake zuwa farat ɗaya kamar an soka abu suka ne, na ƙuna raɗaɗi, na ƙurji zogi, kuma wannan bambancin yana da amfani ga mai fassara wa likita, don kowanne yana nuna masa wani abu daban. Kwanar da take karyewa nan take muguwar kwana ce. Taro da ƙarfe takwas ba ƙari ba ragi, ƙarfe takwas daidai ne, ko cif. Farashi in ya tashi lokaci guda ya yi tashin gwauron zabo. A cikin waɗannan duka babu inda kaifi ta shiga. Gwajin da za ka riƙa yi kafin ka rubuta ta shi ne ka sa "yana yanka" ko "yana ratsawa" ko "yana ci" a gurbinta. In jimlar ta tsaya, ko da a matsayin kwatance, kaifi ta dace. In ta zama abin dariya, nemi wata.

Wani almajiri daga Gusau ya ce: "Malaminmu yana cewa kaifiyyar alwala. Daga kaifi ta fito?"

A'a, kama ce kawai ta sauti. Kaifiyya Larabci ce, daga kaifa, wato yaya. Kaifiyyar alwala ita ce yadda ake yin alwala, kuma za ka fi jin kalmar a zauren karatu da wa'azi, a kasuwa sai dai a ce yadda ake yi. Kaifi kuwa tana da kakkaifa da kaifafa irin na zafi da ƙarfi, alamar cewa 'yar gida ce. Akwai ta uku da masu saurin rubutu suke cakuɗawa da su, wato kafi, shingen itace da ake kewaye gari da shi a da, da kuma asirin da ake binnewa don tsare gida ko gona. Wannan daga kafa ta fito, kuma in ka yar da i ɗin tsakiya wajen rubuta "kaifin wuƙa", ita ka rubuta.