Ku Tambayi Likita: Maganin Feshi Mai Sitiroyid, Iyakarsa da Haɗarinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Kaduna. Na daɗe ina fama da ciwon fata a gwiwoyina, wurin yana yin kauri yana ɓarewa fari-fari, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Likitan fata ya ce sunan ciwon soriyasis, ya rubuta mini maganin feshi mai suna kilobetasol, ya ce in fesa safe da yamma na mako biyu in koma. Alhamdu lillahi wurin ya lafa, amma sauran maganin yana nan, kuma da tsada na saye shi. Zan iya ci gaba da fesawa don kada ciwon ya dawo? Zan iya fesa wa ƙurajen fuskata, da makeron da ke kan ɗana mai shekara huɗu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya ƙara sauƙi. Amsar duka ukun ita ce a'a, kuma dalilin yana cikin irin aikin da maganin yake yi.

Kilobetasol yana cikin dangin magungunan sitiroyid, waɗanda aka ƙera su kwaikwayi wani sinadari mai suna kotizol da wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda suke samarwa. Aikinsu shi ne kwantar da kumburi da ja da ƙaiƙayi ta hanyar rage kaifin garkuwar jiki a wurin da aka sa su. Ba sa kashe ƙwayar cuta, ba sa kuma raba mutum da soriyasis har abada, domin ciwo ne mai tafiya yana dawowa. Tun 1952 aka fara amfani da haidirokotizon a kan fata, wanda shi ne mafi sauƙi a dangin, naki kuwa yana ajin da ya fi kowanne ƙarfi. Shi ya sa masu haɗa shi suka ƙayyade cewa kada a wuce mako huɗu ana fesawa a jere, kada a ƙarar da fiye da giram 50 a mako, kada kuma a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Mako biyun da likitanki ya yanka miki bai faɗa da ka ba.

Idan aka zarce wa'adi, fata tana sirancewa har jijiyoyin jini su bayyana, tana saurin ƙujewa, kuma nankarwa tana iya fitowa, wadda in ta fito da wuya ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne maganin yana ratsa fata ya shiga jini, musamman idan wurin da ake fesawa yana da faɗi, sai jiki ya ga kamar kotizol ya wadata ya rage samar da nasa. Yawan maganin da ya shiga jinin ne kuma yake jawo kumburin fuska, ƙiba a ciki, kasala, da hauhawar sukari, wanda ya kamata mai ciwon sukari ya kula da shi ƙwarai.

Fatar fuska, kamar ta hammata da matsematsi, ba ta da kauri, saboda haka ta fi shan magani kuma ta fi saurin lalacewa. Sitiroyid mai ƙarfi yana ƙara ƙurajen fuska ne maimakon ya rage su, kuma yawan sa shi kusa da ido yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Haskaka fatar da yake yi, wanda ya sa ake cusa shi a wasu mayukan bilicin da ake sayarwa a kasuwanninmu, alamar illa ce, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin kyau.

Batun yaron ya fi tayar mini da hankali. Makero naman gwari ne yake kawo shi, kuma sitiroyid zai kwantar da ƙaiƙayin na 'yan kwanaki yayin da cutar take ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi, har kamanninta su canja ta yi wa likita wuyar ganewa. Makeron kai yawanci maganin sha yake buƙata na makonni. Ki kai shi asibiti, kada ki fesa masa ko sau ɗaya, domin jikin yaro ya fi na babba saurin shan wannan magani.

Idan ciwonki ya tashi likita ya ce ki sake fesawa, ki fesa a kan wurin kawai, ki murza a hankali, ki wanke hannu da sabulu. Kada ki ɗaure wurin da bandeji ko leda sai da umarnin likita, kada ki fesa a kan rauni ko gyambo, ki kuma kawar da fuska don kada ki shaƙa. In kin manta na safe, kada ki ninka na yamma. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: irin wannan feshi yana ɗauke da sinadarin da ke kama wuta, don haka a nisanci kaskon turaren wuta da risho da gas har sai wurin ya bushe, kuma kada a bar kwalbar a rana ko cikin mota, balle a zafin Maris da Afrilu. Idan kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki sanar da likita tun kafin ki fara. A lokacin hunturu, da fata take tsagewa, ki dage da shafa basilin ko man kaɗanya bayan wanka, amma ki bar tazara tsakaninsa da feshin. Ki koma ranar da aka ba ki.

TAMBAYA: Likita, ni magidanci ne a Kawo. Fiye da shekara ina shafa wani mai da na saya a kemis saboda ƙaiƙayin fuska, an ce akwai betametason a ciki. Duk ranar da na daina sai fuskar ta yi ja tana raɗaɗi.

AMSA: Malam, betametason shi ma sitiroyid ne, fatarka ta saba da shi ne, kuma wannan raɗaɗin shi yake mayar da mutane ga man. Kada ka ƙara yawansa, kada kuma ka yanke shi kai kaɗai bayan wannan tsawon lokaci, domin sau da yawa sai an rage shi sannu a hankali ko an sauya shi da wanda ba sitiroyid ba. Ka ɗauki man da kwalinsa ka je asibitin koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ka nemi ganin likitan fata, ka kuma gaya masa idan ganinka ya fara raguwa domin a duba idanunka.