Muryar amsa: ’yan Burma ta teku suka sauka?

Salamu alaikum jama'a. Kawu, na ji tambayarka, wai ko kakanninmu ’yan Burma su ma ta teku aka sauke su suna harbi, irin na Normandi ta ƙasar Faransa a 6 ga Yuni 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. To, a'a. Jirgin ruwa dai ya kai su Indiya, amma yaƙinsu da ƙafa suka yi shi, cikin daji, wasu da kaya a ka.

Sai dai an yi irin wannan saukar a yankin da suke, wato Arakan da ke gaɓar teku a yammacin Burma, a Janairun 1945. Ranar 3 aka sauka tsibirin Akyab, aka tarar Japanawa sun riga sun kwashe. Ranar 12 sai Myebon. Nan ne aka sha wuya. Ka san teku tana cika tana janyewa, to ruwa ya ja baya, kwale-kwalen ƙarfen nan masu ƙofa a gaba suka kasa isa gaɓa. Kwamandojin Ingila suka diro cikin taɓo har ƙugu, ka ciro ƙafa ɗaya ɗayar ta nutse, ga bindiga a sama, ga harsashi a baya. Ba rairayi ba ne irin na Faransa, fadama ce ta ruwan gishiri, itatuwa saiwoyinsu duk a waje.

Ranar 21 sojojin Indiya suka sauka tsibirin Ramree. Labarin nan da ake yaɗawa wai kadoji sun cinye ɗaruruwan Japanawa a can, ku bar shi, masana tarihi sun ce an zuba masa gishiri.

Me ake nema? Filin jirgin sama, Kawu. Rundunar Janar Slim na Ingila tana can tsakiyar Burma, abincinta da harsashinta ta sama ake kai mata.

Yauwa, ga inda namu suka shigo. Runduna ta 81 da ta 82, ’yan Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da sauransu, su ne suka koro Japanawa daga arewa, suka kama Myohaung. Kwamandoji kuma ranar 22 suka bi wani rafi suka ɓullo Kangaw don tare musu hanyar gudu, aka yi ƙazamin faɗa a kan tudun da ake kira 170. Ta 82 ta ci gaba da matsowa ta tudu har suka haɗu.

Caji na zai ƙare, sai anjima.