Kada ku yi saurin sayar da jirgin Baba

Assalamu alaikum ɗana. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Sau biyu na karanta tambayarka kafin na iya ɗaukar waya in rubuta. Ka ce mahaifinka ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin jirgin ruwa, aka yi masa tiyata, ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, aka yi ta yi masa allurai na makonni har ya warke. Amma tun da ya sauko daga gadon asibiti yake tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, cikin duhu ba ya iya taku uku, yanzu ya shige ɗaki ya daina hira. Ku kuma kuna shawarar ku sayar da ɗan jirginsa na filafili mai tafiya da iska, ku hana shi zuwa bakin ruwa gaba ɗaya, kana tambaya ko daidai ne, kuma ko zai warke.

Ni ba likita ba ne. Shekara 28 na yi a jiragen dakon kaya, na fara da kankare tsatsa da shafa fenti, na ƙare ina shugaban ma'aikatan doron jirgi. Abin da ka bayyana kuwa kamar labarina ka ɗauko ka sa sunan Baba.

Tiyatar ciki aka yi mini, abin da aka ce kwana biyar zan koma gida. Ciwon ya ƙi, zazzaɓi ya rufe ni, aka sa mini allurar gentamicin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya kusan mako uku. Ina kwance ban ji komai ba. Nan ne muguntar abin take: mai kwanciya ba ya bukatar daidaiton jiki, don haka babu wanda ya lura, har ni kaina. Ranar da aka ce in tashi in taka, sai na ga bangon ɗakin yana tsalle da kowane taku nawa. Aka ce rashin ƙarfi ne, ka daɗe a kwance, zai wuce. Wata huɗu ina jiran ya wuce. Ni da na sha hawa tsani a Tekun Biskay jirgi yana kwanciya dama da hagu, sai ga ni ina riƙe bango kafin in kai banɗaki.

Ga abin da likitan kunne ya fahimtar da ni daga baya. Can cikin kunne, bayan inda ake ji, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa da 'yan jakunkuna biyu a kowane ɓangare, cike da ruwa da wasu ƙwayoyin halitta masu kama da gashi. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa kai ya juya, ko ya sunkuya, ko ina ne sama. Gentamicin da 'yar'uwarta streptomycin kan kashe waɗannan ƙwayoyin a wasu mutane, kuma a jikin ɗan Adam idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Sau da yawa jin magana yana nan lafiya lau, shi ya sa ba a zargin kunne. Hajijiya irin ta juyawar ɗaki ma ba lalle a yi ta ba, saboda kunnuwan biyu tare suka lalace, babu wanda ke musun ɗan'uwansa. Haɗarin ya fi yawa ga mai rauni a ƙoda, domin ta nan maganin ke fita, da wanda aka haɗa masa da maganin fitar da ruwa irin furosemide, da wanda aka daɗe ana yi masa.

Ban ce lalle shi ne ciwon Baba ba. Mutuwar jijiyoyin ƙafa, ko ta ciwon suga ko ta wasu magungunan ciwon daji, tana kawo tangaɗi, haka ma ƙaramin shanyewar ɓarin jiki da ba a lura da shi ba. Saboda haka abu na farko, ka je ka karɓo takardunsa na asibiti ka ga sunayen alluran da kwanakin da aka yi ana yi. Sannan ku nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ku ce a gwada daidaiton jikinsa, ba jinsa kaɗai ba. Akwai gwajin da likita zai riƙe kansa ya fizge shi kaɗan gefe yana kallon idonsa, minti ɗaya bai kai ba. Akwai na zuba ruwa mai ɗumi da mai sanyi a kunne. Kai ma a gida ka tambaye shi abu biyu: in yana tafiya, yana iya karanta rubutun allo ko gane fuskar mai tahowa, ko sai ya tsaya cak? Kuma ya fi wahala a duhu da kan yashi ko katifa? In ya ce e ga duka biyun, to ka faɗa wa likita da bakinka. Tun 1952 wani likita a Amurka da streptomycin ta yi wa haka ya rubuta yadda bugun zuciyarsa kaɗai ke sa rubutu rawa a gabansa. Ranar da aka ba ni labarinsa na ji sanyi a raina, don kafin nan na fara zaton taɓuwa nake yi.

Maganar zai warke kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. In kunnen ne, abin da ya mutu ya mutu. Amma tsayuwar mutum a kan abu uku take: kunnen ciki, da ido, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. In ɗaya ya tafi, ƙwaƙwalwa takan koyi dogaro da biyun da suka rage, sai dai ba ta koyo a kwance. Sai an motsa, an yi tangaɗin, an gyara, an sake. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a wannan ciwo ba. Wata huɗun da na yi ina lallaɓa jikina su ne suka fi cutar da ni. Cinyoyina suka zube, tsoro ya shige ni, har inuwata nake shakka.

A sashen fisiyo, inda ake jinya da motsa jiki, aka ɗora ni kan atisayen da asalinsu wasu likitoci biyu na Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara tun shekarun 1940. Abin kamar wasan yara. Ka manna harafi ɗaya a bango, ka kafe shi da ido, ka riƙa juya kai dama da hagu ba tare da ya ɓace maka ba. Ka yi tafiya a baranda kana waiwaye. Ka tsaya ƙafa haɗe a kusurwar ɗaki da kujera a gabanka. Kullum, sau da yawa a yini. Makon farko na ce wa matar da ke koya mini, ni fa na ɗaure jirgi mai tsawon mita ɗari biyu a tasha cikin iska, yau ni ake sa wa kallon takarda? Ta yi dariya ta ce to ɗaure wannan harafin mu gani. Bayan wata shida na ajiye sandar da rana. Da dare har yau ina riƙe ta, kuma fitila ba ta mutuwa tsakanin gadona da banɗaki.

Wani abu da ya shafe mu ma'aikatan jirgi musamman: duk mun san Stugeron da ire-irensa na tashin zuciyar teku, kuma da an ji jiri shi ake miƙa wa hannu. Na yi ta sha a watannin farko. Likita ya hana ni, ya ce irin waɗannan magunguna da masu sa barci suna danne ɗan abin da ya rage a kunnen, suna jinkirta koyon da ƙwaƙwalwa ke yi. Ka duba abin da Baba ke sha, ka nuna wa likitansa, kada dai ku tsayar da komai da kanku. Kuma a rubuta a katinsa cewa kada a sake ba shi gentamicin ko danginta sai in babu makawa.

Sai maganar jirgin, wadda ita ce ta sa ni rubutun nan.

Tsoronku yana da tushe, har ma ya fi yadda kuke zato. Mai irin ciwonmu in ya nutse ƙarƙashin ruwa, musamman mai duhu ko gurɓatacce, ba ya sanin ina ne sama. Ido ba ya gani, ƙafa ba ta taka komai, kunne kuma babu. Yana iya yin iyo da dukkan ƙarfinsa yana nufar ƙasa. Iya ruwan da Baba ya yi shekara hamsin yana taƙama da shi ba zai cece shi ba, gwani ma ruwa kan ci. Don haka iyo shi kaɗai ya ƙare, nutso ya ƙare, fita teku shi kaɗai ko da dare ya ƙare. Wannan ku gaya masa ƙiri-ƙiri. Ma'aikacin jirgi ya saba da doka, ya fi jin haushin a ɓoye masa abu a kan a kafa masa sharaɗi.

Amma tsakanin wannan da sayar da jirgi akwai tafiya mai nisa. Ni takardar lafiyar aikin teku, wadda ake sabuntawa duk shekara biyu, ita aka ƙi sa mini hannu, kuma ban ga laifin likitan ba, ni ma ba zan ɗauki mai tangaɗi in tura shi gaban jirgi wajen anka ba. Ranar na fito na zauna a mota na kasa cewa komai. Ba albashin ne ya fi ci mini rai ba. Tun ina ɗan shekara 22 in aka tambaye ni wane ne kai, amsata jirgi ce. Iyalina, da kyakkyawar niyya, suka tattara kayan aikina suka ɓoye, suka daina ambaton teku a gabana kamar ana gudun ambaton mamaci. Shirun da ka ce Baba ya yi, na san shi. Ba ƙafarsa kaɗai ke ciwo ba.

Wani tsohon abokin aikina ne ya fito da ni. Ya zo ya ce yana da ƙaramin jirgi, yana neman wanda zai riƙe masa sitiyari yayin da shi yake fama da igiyoyi. Na san ƙarya yake, ba ya bukatar kowa, amma na bi shi. Hawan ne ya fi wuya, da rarrafe na shiga, mutum biyu na riƙe da ni. Da na zauna na jingina bayana, na kafa ƙafafu biyu, na sa ido kan layin da sama ta haɗu da ruwa, sai hannuna ya tuna abin da ya sani. Iska a kunci, nauyin sitiyari, ƙarar filafili in ya fara kaɗawa, duk ba su bukatar kunnen ciki. Abin dariya kuma, a ranar shi ne ya yi amai, ni ko gezau. Ashe wanda kunnuwansa biyu suka mutu ta wannan fuska ba ya yin tashin zuciyar teku. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ma ta yi amfani da wannan: daga ƙarshen shekarun 1950 ta yi bincike da wasu kurame 11 na kwalejin kurame ta Gallaudet a Amurka, waɗanda sashen daidaito na kunnuwansu ya lalace, har aka fita da su cikin teku mai hauka kusa da Nova Scotia a Kanada, masu binciken suka kwanta da amai, su kuwa suna ta karta. Ni da na yi shekara biyun farko a teku ina rungume da bokiti, sai da na bar aiki aka yaye mini.

Yadda nake fita yanzu ke nan: da rana, ruwa kwance, da mutum aƙalla ɗaya da zai iya juya jirgi ya ɗauko ni in na faɗa. Rigar ceto mai hura kanta ina sa ta tun daga kan gadar hawa, da maɗaurinta na tsakanin cinyoyi a ɗaure, domin a wajen hawa da sauka aka fi faɗawa. A cikin jirgi ina ɗaure da igiya, ba na miƙewa tsaye sai hannuna na riƙe da wani abu, kuma mun ƙara maƙamai a duk inda hannu zai kai. Akwai ma jirage da aka ƙera don masu lalura, irin Hansa 303, a zaune ake tuƙa su kuma nauyin ƙasansu ba ya barin su kife da sauƙi. Wata Baturiyar Ingila, Hilary Lister, wadda daga wuya zuwa ƙasa ba ta motsi, ta ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa ita kaɗai a 2005, da bututun da take hurawa da zuƙa take sarrafa jirgin. Ban kawo ta don a ce wa Baba dubi wance ba, wannan magana ba ta taɓa yi wa majinyaci daɗi. Na kawo ta ne don ku 'ya'yansa ku san ana yi.

Game da asibitin da aka yi mini alluran, na daɗe ina jin zafi. Maganin ya ceci raina, ban musa ba, mai yiwuwa ba don shi ba da ba ni ke rubutun nan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne babu wanda ya ce mini ga haɗarin da ke ciki, babu wanda ya tashe ni tsaye ya gwada ni ana tsakiyar yi. In kuna ganin an yi sakaci, ku adana takardu ku nemi shawarar lauya, haƙƙinku ne. Sai dai kada atisayen ya jira shari'a.

Shirun nasa kuma kada ku raina shi. In ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa shi kaya ne a kanku, gara ya tafi, ku kai maganar gaban likita a makon nan, ba sai ta yi tsanani ba.

Jirgin ku bar shi tukuna, ko da shekara ɗaya ce. Ranar hutunka ka ce masa igiyoyin sun fara lalacewa kuma kai ba ka san yadda ake haɗa su ba, ka ɗauko guda ka ajiye masa a cinya. Zai yi maka faɗa a kan yadda ka naɗe ta, ka ƙyale shi ya yi. In kun samo sunayen alluran ka rubuto a nan mu gani. Ka kuma gaishe mini da shi, ka ce wani tsohon ma'aikacin doron jirgi yana tambaya wane jirgi ya fara hawa, kuma a wace shekara.