Me ya sa Ingila ke ji da Nelson haka?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane ne Horatio Nelson, da har aka kafa masa doguwar hasumiya a dandalin Trafalgar na Landan.

An haife shi a 1758 a yankin Norfolk na Ingila, ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara 12. Yaƙi ya ci jikinsa sosai: idonsa na dama ya daina gani a tsibirin Kosika a 1794, sannan a 1797 aka yanke masa hannun dama bayan harin da ya kai tsibirin Tenerife. Duk da haka, a 1798 ya afka wa jiragen Faransa a gaɓar Abu Ƙir ta Masar, ya tarwatsa su, sojojin Faransa da Janar Napoleon ya kai Masar suka rasa hanyar komawa gida.

Babban abin shi ne yaƙin ruwa na Trafalgar, kusa da gaɓar Sifaniya, ranar 21 ga Oktoba 1805. Jiragensa 27 ne, na Faransa da Sifaniya 33. Maimakon a jera sahu ana musayar wuta kamar yadda aka saba, sai ya raba rundunarsa gida biyu, ya keta tsakiyar abokan gaba. Ingila ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba, amma harsashi ya same shi a kan jirginsa Victory, ya cika ran nan. A cikin gangar barasa aka adana gawarsa don kada ta lalace a hanya.

Jarumtarsa ba ta da musu, amma ni ba na ɓoye ɗaya fuskar. Nasarar ce ta ba Ingila ikon teku kusan shekara ɗari, abin da ya share mata hanyar mulkin mallaka. Kuma ya goyi bayan masu gonakin bayi na yankin Karebiyan. A 2020 ƙasar Barbados ta sauke gunkinsa daga tsakiyar Bridgetown, babban birninta.