Amsa ga ƙanena a Garwa kan maganin lufus na Jamus

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a wata guda. Ka ga bidiyon sabon maganin lufus a Jamus, wato ciwon Goggo da garkuwar jiki ke afka wa jikin mai ita, kana so in samo maka gurbin karatu ka zo ka koye shi, a kuma kawo Goggo a yi mata.

Maganin ba ƙarya ba ne. A asibitin jami'ar Erlangen, Farfesa Georg Schett da abokan aikinsa suka fara gwada shi a 2021 a kan wata budurwa da duk magunguna suka gaza mata. Sunansa CAR-T. Ana ɗebo ƙwayoyin garkuwar jikin majiyyaci da ake kira T, a gyara su a ɗakin gwaji, a mayar da su jini su kashe ƙwayoyin B, masu haɗa makaman da ke afka wa jikin mai su. A 2022 suka ba da rahoton mutum 5, duk ciwon ya kwanta har sun ajiye magani.

Sai dai gwaji ne, likitocin ne suke zaɓen mutum. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an yi masa allurai masu ƙarfi irin na masu ciwon daji. Irinsa na ciwon daji kuwa, dala 475,000 aka sa masa a Amurka a 2017. Ko shanun Baba duka aka kai kara ba su kama ƙafa ba.

Abin da ke ci min rai shi ne Goggo. Shekara biyu kuna cewa sammu ne, ana ta hayaƙi da rubutu, ƙafafunta na kumbura. Da likita ya rubuta mata haidroksiklorokwin, wata uku ta sha, sai kuka bar ta ta daina. Wallahi na yi kuka da na ji. Wannan ƙwayar ita ce ginshiƙin maganin lufus har a nan Jamus.

Karatu kuma, tun 2024 sai ka nuna yuro 11,904 a asusu, kusan sefa miliyan 8, ga Jamusanci, ga jiran biza a Yawunde. Ni da takardata ta aikin jinya a hannu, shekara uku ina wanke tsofaffi kafin a amince da ita. Yau ni ke koya wa sababbin ma'aikata aiki a sashenmu.

Fara koyon Jamusanci. Ranar Litinin ka kai Goggo asibiti a auna fitsarinta da ƙodarta, ta riƙa rufe jiki saboda hasken ranar Garwa na tayar da ciwon. Kuɗin yana wajen Inna.